Babi na Huɗu: Tayar da Fijo 504

Da wuya mutum ya zaga tsofaffin unguwannin ma'aikata a Kaduna ko Zariya ko Kano bai ci karo da Fijo 504 a kwance ba. Galibi tana gefen gida ƙarƙashin darbejiya, tayoyi sun sace, an tokare ta da bulo, kaji sun mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. In ka tambaya a ce ta marigayi ce, tun rasuwarsa ba wanda ya sake murza mata makulli. Mutum ɗari za su wuce ba su ɗaga kai ba. Can sai a sami ɗaya da zai tsaya, ya zagaya ta, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya ƙwanƙwasa ƙofa da bayan yatsa yana saurare, sannan ya yi sallama ya ce yana son ganin babba a gidan. Sau da yawa da motarsa mai lafiya ya zo. Abin da yake nema aiki ne wanda zai ci masa shekaru, kuma ya san haka tun kafin ya yi sallamar.

A ƙasar nan, wanda sha'awar tsohuwar mota ta kama, kusan ko yaushe kan 504 yake faɗawa, kuma akwai dalili. Kamfanin Peugeot ya fito da ita a Faransa a 1968 daga masana'antarsa ta Sochaux, gidan zane na Pininfarina da ke Italiya ne ya tsara siffarta, a 1969 kuma aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Sai dai a Afirka ta sami gida. A 1975 Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da ita, a kan hanyoyin da ke kakkarya motocin da suka fi ta gudu. A wannan shekarar ce Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar haɗa Fijo a Kakuri, Kaduna. Lokacin tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe da jiragen siminti, don haka ta sama aka riƙa kawo kayan haɗin, daga Lyon zuwa filin jirgin Kano, daga nan a loda su zuwa Kaduna. Kuɗin ƙarin albashi na Udoji sun shiga aljihun ma'aikata, ga bashin sayen mota. Bayan kisan Janar Murtala a Fabrairun 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki manufar rage facaka, 504 ta zama motar hukuma tun daga manyan sakatarori har shugaban ƙasa. Faransa ta daina ƙera salun ɗinta a 1983, Ajantina ta ci gaba har 1999, Kenya har 2004, Kaduna kuwa ita ce ta rufe ƙofa a tsakiyar shekarun 2000. Saboda haka duk wanda ya haura arba'in yana da 504 a cikin tarihinsa: ko ta mahaifinsa, ko ta hedimasta, ko doguwar nan ta tasha mai layin kujeru uku da direbobi suka gudu da ita har aka laƙaba mata shiga-da-alwalarka.

Wannan tarihin ne ya sa aikin mai gyara a nan ya bambanta da na takwaransa na Turai. Bature kan tsinci motar da aka ajiye a rumbu tun tana da sauran ƙarfi, ƙura kawai ta rufe ta. Tamu sai da ta yi aiki har ta faɗi. Daga ma'aikatar gwamnati ta koma hannun wanda ya yi ritaya, daga nan ta zama tasi, daga tasi ta koma jigilar kasuwannin ƙauye da buhunan masara da awaki. Kowane mai ita da kowane bakanike ya bar mata dabararsa. Ga waya an ɗaure inda ya kamata a ga noti, ga kafireton wata mota an yi masa gado da guntun ƙarfe, ga makunni an liƙa a ƙarƙashin sitiyari don makullin asali ya daina aiki. Rabin aikin tayar da 504 a Arewa shi ne kwance dabarun shekara talatin ko arba'in. Inda gwaninta take kuwa shi ne gane wacce za a cire da wacce za a bari, domin ba dukansu ne shirme ba. Wasu amsa ce ta gaskiya ga zafinmu da ƙurarmu da man da muke saye.

Kafin a kai ga sifana akwai maganar mutane. Motar mamaci dukiyar magada ce. Ɗan da ke zaune a gidan zai iya ce maka ka ɗauke ta kawai, ta tare musu wuri. In ba a raba gado ba, 'yar'uwarsa da ke aure a Gusau tana da rabo a ciki, kuma ranar da motar ta fito daga wurin fenti tana sheƙi, ranar kowa zai tuna ta babansu ce. A yi ciniki gaban shaidu, a rubuta, masu hakki su sa hannu. A duba lambar shasi da ta injin, a ga sun yi daidai da abin da ke cikin takardu. In tsohuwar motar gwamnati ce da aka yi gwanjonta, a nemi takardar gwanjon. Wanda ya tsallake wannan zai zuba dukiyarsa a kan abin da ɗan sanda zai iya tsarewa a shingen farko.

Sabon shiga tambayarsa ta farko ita ce ko injin yana tashi. Tsohon hannu bai cika damuwa da wannan ba, bodi yake dubawa. Salun ɗin 504 ba ta da shasi daban irin na babbar mota, bodin ne ke ɗauke da komai. In tsatsa ta ci dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, ko wurin da kan shakazoba na gaba ke zama, to ƙarfin motar ne ya tafi, kuma fenti ba ya mayar da shi. A nan Arewa ta yi sa'a. Turawa gishiri suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara, yana cinye musu mota daga ƙasa. Motar da ta yi rayuwarta a Legas ko Fatakwal iskar teku ta gama da ita. Wadda ta zauna a Katsina ko Sakkwato sau da yawa za ka tarar da ƙarfenta garau. Mu rana ce matsalarmu. Tana fasa dashbod, ta ƙone fenti, ta busar da robar gilashi har ta tsattsage. Ruwan Agusta ya bi ta wannan tsagar ya kwanta a ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa, ba mai gani. Shi ya sa tsatsar motocinmu daga ciki take fitowa. A ɗaga shimfiɗar gefen direba, a duba ƙasan but, a duba gindin ƙofofi inda ƙura ke toshe ƙananan hudojin da ruwa ke fita.

Sannan a zo da maganaɗisu. Na tsohuwar sifika ya isa, a naɗe shi da tsumma don kada ya karce fenti. A bi jikin motar da shi a hankali. Inda ƙarfe yake zai kama, ka ji yana jan hannunka. Inda ya saki, fila ce aka cika a wurin. Na taɓa tsayawa a kan wata ƙofa da aka kankare, daga waje sumul kamar ba a taɓa bugunta ba. Da aka ci gaba da kankara sai ga fila mai kaurin ɗan yatsa, a ƙarƙashinta kuma gwangwanin mai ne aka fasa aka miƙe aka toshe rami da shi, har rubutun jikinsa ana iya karantawa. Mai motar ya yi shiru, mai gyaran bodin kuwa dariya ya yi ya ce wanda ya yi wannan aikin ya iya hannu, kuɗin ƙarfe ne ba a ba shi ba.

Maganarsa gaskiya ce, kuma ita ce ta sa nake ganin kuskure ne a yi jinga da mai gyaran bodi a kan motar gaba ɗaya. In ka yanke masa kuɗi dunƙule, ribarsa tana cikin saurin gamawa, kuma ba abin da ya kai fila sauri. Gara a bi ta gaɓa-gaɓa: wannan watan ƙasan mota, wata mai zuwa ƙofofi biyu, kana zuwa kana gani kafin a rufe. Yawancin masu waldarmu da wutar kabayid suke aiki. Tana da faɗin zafi, ƙarfen bodi kuma siriri ne, in aka zarce da ita a layi ɗaya sai farantin ya lanƙwashe. Gwani ɗigo-ɗigo yake yi, nan ɗaya can ɗaya, ya bari ya huce, ya bi da guduma. Aikin yini uku ne abin da wani zai yi kafin azahar. Fenti kuma yana da lokacinsa. Wanda ya fesa a fili cikin hunturu zai kwashi ƙura a jikin motarsa har abada. In babu rufaffen ɗakin fenti, a yi da sassafe, a jiƙa ƙasa da ruwa, a guji ranar iska. Mai son launin asali ya ɗaga robar ƙofa ko ya duba cikin murfin but, inda rana ba ta taɓa kaiwa ba. Wanda ya sauya launi kuma ya tuna a gyara a takarda.

Injin shi ne wurin da 504 ke saka wa mai haƙuri. Wanda aka fi sani a nan mai silinda huɗu ne, cc 1,971, an kwantar da shi gefen dama da digiri 45 don bonet ya yi ƙasa. Gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, kansa kuma, wanda kanikawa ke kira tof, na alminiyam ne. Abin da ya raya shi shekaru a hannun talaka shi ne silif, wato bututun da fistin ke kai da komowa a ciki. A yawancin injuna wannan ramin a jikin gangar aka huda shi, in ya cinye sai an kai wurin masu injin gundura. A 504 zare shi ake yi. Ka sayi saiti huɗu, silif da fistin da ringi, ka zura, injin ya koma sabo a ƙarƙashin bishiya.

Wannan sauƙin yana da tarkonsa. Silif ɗin ruwan sanyaya injin ne ke kewaye da shi kai tsaye, siririn abin toshewa ne kawai a gindinsa ke raba ruwa da baƙin mai, kuma tof ne ke danne shi. Na ga yadda wani dattijon bakanike, cikin waɗanda suka koyi aiki a zamanin Kakuri, yake buɗe irin wannan injin. Da ya kwance notocin bai ɗaga tof ɗin sama ba. Ya bar ɗaya a kusurwa, ya riƙa bugun tof ɗin a hankali ta gefe har ya juya ya rabu da gaskit, don kada ya taso da silif a manne. Da ya sauke shi, yaronsa ya kai hannu zai juya injin ya ga yadda fistin ke tafiya. Dattijon ya doke hannun.

“Kai! Wa ya aike ka? Ɗauko wasa da noti ka danne su tukuna.”

Mai motar ya ce, “Baba, juyi ɗaya ne fa zai yi.”

“Alhaji, juyi ɗayan ne zai sa ka dawo mini bayan sati biyu da mai kamar kunu. In silif ya motsa ko da kaurin gashi ne, sai an sauke komai.”

Ya sa aka danne su huɗun, sannan ya ce wa yaron ya juya yadda yake so. Wajen mayarwa kuma sai da ya auna yadda bakin kowane silif ya ɗara gangar injin, ya ɗaure notocin tof daga tsakiya zuwa waje da sifana mai awo, abin da kanikawa da yawa ke yi da ƙarfin dantse kawai.

Yanzu sai a zo kan dabarun da aka tarar. Kusan kowace 504 da ta yi aiki a nan an cire mata tamostat, ƙaramin bawul ɗin da ke tsare ruwa har injin ya ɗumama. Kanikawa sun ce na ƙasar sanyi ne. Ni ban yarda ba. Injin da ba ya kaiwa zafin aikinsa yana shan mai, yana cin ringi, kuma wanda ya taɓa tayar da mota da asuba a Jos ko Zariya cikin Janairu ya san muna da namu sanyin. Yawanci an cire shi ne don a ɓoye wata cutar, wato lagireton da ya toshe da gishirin ruwan rijiya. Wannan ruwan shi ne kuma ke cin alminiyam ɗin tof daga ciki. A wanke lagireto ko a sake masa ciki, a mayar da tamostat, a daina zuba ruwan rijiya zalla, a sa ruwan sanyaya injin na kanti. Fanka kuwa wani zance ne. Peugeot ta yi ta yadda za ta kama da kanta in zafi ya kai, ta saki in ya sauka. Kanikawanmu sukan ɗaure ta ta riƙa juyawa ko yaushe. Tana ƙara ƙara, tana ɗan rage ƙarfi, amma wanda zai tsaya cikin cunkoson Kano a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ba zan ga laifinsa ba in ya bar ta a ɗaure. Haka farantin ƙarfe da ake sawa a ƙarƙashin injin don duwatsu, a bar shi. Haka ƙarin matatar mai kafin kafireto, domin wanda bai taɓa sayen mai a galan wurin 'yan bumburutu ba bai yi doguwar tafiya a ƙasar nan ba.

Akwai waɗanda ba a yi musu sassauci. Wayar da aka naɗa a gurbin fis ita ce ke ƙone mota ƙurmus. Wayarin da masu gyaran lantarki goma suka yi wa ƙari da yanki gara a zare shi gaba ɗaya a sake sabo. Sai robobin da direbobin haya ke cusawa tsakanin zoben sifirin, ko sifirin mai tauri da suke sawa don ɗaukar lodi. Wannan yana kashe abin da ya sa 504 ta zama 504. Ƙafafunta an yi su da doguwar tafiya sama da ƙasa, shi ya sa take haɗiye gargada, fasinja yana gyangyaɗi a hanyar da wata motar za ta kaɗa masa hanji. In aka taurara ta, siffar ce kawai ta rage.

Kayan gyara manya ba su yi wuya ba tukuna. A Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, da Ladipo a Legas da kasuwar Nnewi, ana samun fistin da kuloci da kayan birki. Iri uku ne: tsohon ajiya wanda ba a taɓa ɗaurawa ba, shi ne sarki in an dace, na Beljiyam da aka ciro daga wata motar, sai sabon kwaikwayo, wanda wani ya yi shekaru wani kuma ko wata ba ya kaiwa. Ƙananan abubuwa ne ke sa mutum yawo: gilashin fitilar baya, tambarin zakin gaba, marfin toka, maɓallan dashbod, siraran ƙarafa masu ƙyalli na gefen bodi, robar ƙofa. Saboda su ne masu wannan sha'awa kan sayi mota ta biyu wadda ba za ta tashi ba har abada, su ajiye ta suna cira. Abokan takararsu a nan 'yan gwangwan ne. Su a kilo suke saye, su sare ta da gatari cikin yini guda, ƙarfen ya tafi masana'antar narka rodi. Motocin 504 da suka ɓace a 'yan shekarun nan, da yawansu nan suka bi. A waje akwai ƙungiyar da ke kula da gidan tarihin Peugeot na Sochaux, wanda aka buɗe a 1988, tana sayar da wasu kayan tsofaffin motoci, kuma a Ajantina har yanzu ana samun kaya. Sai dai da kuɗin waje ake saye, kowa kuwa ya san inda naira take.

Daga nan masu abin suke rabuwa gida biyu. Akwai masu cewa a mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta, ko noti kada a sauya. Akwai masu cewa motarsu ce, za su yi mata yadda ransu ke so. Na farkon sukan manta da tambaya ɗaya: wace masana'antar? Motar da aka haɗa a Kakuri asalinta Kakuri ne. GR ce ko SR ko Bestline ta ƙarshen zamani, da kujerunta da dashbod ɗinta da irin birkinta. Wanda ya bi hotunan mujallun Faransa ya mayar da ita kamar ta 1969 ya ɓata abin da ba kowa ke da shi ba a duniya, ya sami kwaikwayon abin da Turawa ke da shi da yawa.

Game da kwaskwarima, ma'aunina ɗaya ne. Duk abin da za a iya kwancewa da sifana a mayar da na asali, a yi shi, a zuba wanda aka cire a buhu a rubuta sunansa a ajiye. Giya mai biyar ta 505, ƙanwarta da ta fito a 1979 wadda ita ma aka haɗa a Kaduna, tana shiga ba tare da wahala mai yawa ba, tana rage kukan injin da shan mai a babbar hanya. Na'urar wuta ta zamani a madadin kwantak tana hutar da mutum daga gyaran kowane wata. Bel ɗin kujera ba abin muhawara ba ne. Na'urar sanyaya ciki ma ba laifi, in lagireto zai iya ɗauka. Abin da ake yi da abin yanka ƙarfe kuwa ba ya dawowa. Masu yanke rufi don su kwaikwayi buɗaɗɗiyar 504 ta 1969 suna raunana bodin da shi ne ƙashin motar. Injin Japan a cikin 504 dabara ce mai kyau ga direban haya da ke neman abincin iyali, amma wanda ya ce don son motar yake yi, me ya rage masa? Sai maganar wili. Notocin tayar 504 huɗu ne a kan da'ira mai faɗin milimita 140, awon da motoci kaɗan ne ke da shi, don haka yawancin wilin ado na kasuwa ba sa shiga. Wasu sukan sa a fafe hudojin da zarto har su shiga. Taya ce da mutum zai hau da iyalinsa a gudun kilomita ɗari. In kuma aka dace da tsohuwa mai giya a jikin sitiyari, don Allah a bar mata kayanta.

Kuɗin da aka zuba ba ya dawowa, gara a faɗa tun da wuri. A Turai masu ƙofa biyu da buɗaɗɗun ne ke tsada, salun ba ta kai su ba. An taɓa sayar da 504 ta 1977 a kan kusan dala miliyan biyu da rabi a 2011, amma ta shugaban Iran na lokacin ce, Mahmud Ahmadinejad, kuma gwanjon taimako ne, sunan mai ita aka saya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuma, mota mai kafireto ta zama ta fita ranar Juma'a da zuwa ɗaurin aure. Yawancin masu wannan aiki ma'aikata ne da 'yan kasuwa matsakaita, albashi-albashi suke yi: wannan watan robar gilashi, wancan watan ɗinkin kujeru, in azumi ko kuɗin makaranta ya zo a rufe ta da tamfol. A gidaje da yawa uwargida kishiya take kiranta, kuma in aka duba lokacin da take ci da kuɗin cefanen da take ragewa, ba ta yi ƙarya ba. Mai hankali yakan sa wa abin iyaka tun kafin a sa masa.

Abin da ya fi kayan gyara saurin ƙarewa shi ne masu gyaran. Waɗanda suka koyi 504 a shekarun 1970 da 1980 sun tsufa, idanu sun fara rauni. Yaran gareji na yanzu kwamfuta suke jonawa ta faɗa musu ciwon mota, kuma ba laifinsu ba ne, abin da ke shigowa garejin ke nan. Kaɗan ne cikinsu za su iya saita kafireto da kunne, suna juya sukurun iska har injin ya daidaita numfashi. Don haka wanda ya ɗauki wannan sha'awa da gaske dole ya zama rabin bakanike. Ya sayi littafi ya riƙa rubutawa: ranar da aka sauya mai, inda aka sayi kaza, abin da Baba ya ce. Ya san tazarar tafet, milimita 0.10 a bawul ɗin shiga da 0.25 a na fita, injin yana sanyi. Ya san tazarar kwantak 0.40 ce. Ya san Faransawa daga wajen giya suke fara ƙirga silinda, ba daga wajen fanka ba, domin wannan kaɗai ya sa mutane da yawa sun jera wayoyin fulogi a juye suna mamakin abin da ya hana mota tashi. In yana da ɗa ko ƙane mai sha'awa, ya riƙa tafiya da shi garejin, ko don riƙe fitila.

Ranar da injin ya tashi ba a gama ba. Sabon ringi yana bukatar ya zauna, don haka kilomita dubun farko a hankali ake yin su, ba a take mota, ba a kuma barin injin yana jan giya babba a ƙaramin gudu. Bayan nan a koma gareji a sake ɗaure notocin tof, a sake saita tafet, a zubar da man farko da matatarsa. A wannan tsakanin ne ƙananan abubuwa ke bayyana: ɗigon mai a gindin giya, ƙofar da ke kaɗawa, allurar mai da ke ƙarya. Sannan dole a riƙa hawanta. Motar da aka gyara aka rufe don tsoron ƙura, birkinta zai kama, fetur ya bushe ya toshe kafireto, robobi su sake taurara, batir ya mutu. Ko sau ɗaya a mako a fitar da ita ta yi tafiyar da ruwa da mai za su yi zafi sosai. Ga wanda ke Kaduna, zuwa Zariya da dawowa ya wadatar, kusan kilomita 80 kowane zuwa, da sifana goma da sha uku da fambel na ajiya a cikin but.